Rasuwar Ɗan Gaya, Jirgin da Gishiri Ya Cinye

Da zuciya mai nauyi, cike fal da baƙin ciki, Ismaël Hamidou, mai teburin laima da huluna a Canal Street, a madadin mahaifinsa Baba Hamidou da ƙanwarsa Firdaoussi, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Bronx da Harlem, nan Amurka, rasuwar jirginsu na ruwa, Ɗan Gaya. Ya cika ranar Talatar makon jiya da la'asar sakaliya, a bakin ruwan City Island, bayan doguwar jinya. Ya rasu yana da shekara biyu da rabi, in an haɗa da wata goma sha huɗu da ya yi a gareji kafin ya taɓa ruwa. Tsawonsa ƙafa goma sha biyu ne, fari ne, da shuɗin layi a ƙugunsa.

A yi haƙuri, sanarwar nan ta makara da kwana tara. Ba sakaci ba ne. Kun san a kowace sanarwa akwai wurin da ake faɗin abin da ya yi ajalin mamaci. To nan ne Ismaël ya tsaya, biro a hannu, ya kasa gaba. Duk takardar da ta shigo gidansu Firdaoussi ce ke karanta wa Baba ita, kuma akwai maganar da Ismaël ya yi shekara biyu yana ɓoye wa tsohon. Yanzu ta fito, don haka za a faɗe ta yadda take.

Wanda bai san Baba Hamidou ba, Basarke ne, cikin Sarkawa masu aikin ruwa, mutumin Gaya ta bakin kogin Kwara. Shekara arba'in ya yi yana sassaƙa jirage, har daga Malanbil, ta ƙetaren kogi, ake hayowa nemansa. Ciwon sukari ya ci masa ido, ya gangara ƙoda, 'ya'yansa suka ɗauko shi suka kawo nan, hawa na biyar a Grand Concourse. Sau uku a mako ana kai shi wankin ƙoda. Sauran kwanakin yana kan kujera, fuskarsa na kallon bango. Da farko yana faɗa, ya ce miya ba yaji, ya ce jirgin ƙasa na girgiza masa gado. Daga baya faɗan ma ya daina. A kawo tuwo ya taɓa, a ɗauke. Firdaoussi tana aikin kula da tsofaffi, ta san irin wannan shirun, ta ga inda yake ƙarewa. Ita ce ta ce wa wanta a kicin, “Yaya, in ba a samar wa Baba abin yi ba, ba zai kai sallah ba.”

Daga wannan magana aka haifi marigayi.

Ismaël bai yi boko mai zurfi ba, amma ya tashi cikin ƙurar katako. Ya samo takardar zanen wani ɗan jirgi mai tafiya da iska, Firdaoussi ta riƙa karanta masa awon. Abokinsa Kudus, mutumin Zangon Kumasi mai gyaran mota kusa da Jerome Avenue, ya ba shi lungu ɗaya a garejinsa, bayan ya gama yi masa dariya. “Cale, abokina, mutane na zuwa Amurka su sayi mota, kai ka zo ka sassaƙa kwale-kwale?” Duk da haka shi ya janye tsofaffin tayoyi da hannunsa ya share wurin.

Aikin katako ya tafi lafiya. Ana kawo Baba ranar Lahadi, a zaunar da shi kan kujerar wata tsohuwar mota da aka cire. Yakan shafa katakon ya ce hm, shi ke nan. Bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba.

Sai aka zo kan ƙarafa. Jirgi irin wannan ba katako kaɗai ba ne. Akwai ƙusoshi masu murɗi, ɗari da wani abu. Akwai notuna. Akwai ƙarafan gefe da ke riƙe wayoyin da suka tsayar da doguwar sandar tsakiya, wadda ake rataya wa ƙyallen kama iska. Akwai 'yan tayoyin da igiya ke bi, da maratayin allon baya, wanda ake juya kan jirgi da shi. Waɗannan ba a sassaƙa su, saye ake yi. Ismaël ya hau bas zuwa City Island, ya shiga shagon kayan jirage, ya miƙa takardarsa. Wata dattijuwar Baturiya mai tabarau ta bi layi-layi ta cika masa jaka da ƙarafa masu walƙiya kamar azurfa. Ya rungumo su har gareji, ya zazzage a gaban Baba cikin faranti, yana jin kansa.

Baba ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro mayen ƙarfensa.

Duk wanda ya san shi a Gaya ya san wannan mayen ƙarfe. Daga cikin lasifikar tsohuwar rediyo aka ciro shi, baƙi, zagayayye, ɗaure da igiyar fata da ta sha gumi. A kasuwar can akan haɗa wa mutum ƙusa ta gaske da ta sanholo, wadda guduma ɗaya ke lanƙwasawa. Baba bai taɓa sayen ƙusa ba sai ya zura wannan abu cikin tasa. Wadda ta manne ta shiga jirgi. Wadda ta ƙi, mai ita ya riƙe abarsa. Shekara arba'in, ko jirgi ɗaya nasa bai buɗe a tsakiyar kogi ba.

Ya zura shi cikin farantin. Ya ɗago. Ba ko ɗaya. Ya sake zurawa, ya dama, ya ɗago, ya shafa da yatsa. Wayam.

Sai ya yi dariya. Wallahi shekara guda ba wanda ya ji wannan dariya. Har Kudus ya fito daga ƙarƙashin mota yana tambaya lafiya.

“An cuce ka, Sama'ila,” in ji Baba, yana share hawaye. “Kai da ke zaune Canal Street, kullum kana faɗa mini kai ka san jabu? Wanga ba ƙarfe ba na. Gwangwani na anka goge maka. Maida musu abinsu, ka zo ka kai ni inda ƙarfe yake.”

Washegari Ismaël ya mayar. Ya tsaya gaban dattijuwar da guntun Turancinsa, a hankali, don ba ya son cin fuskar babba, ya nuna mata cewa mayen ƙarfe bai kama ba. Ba ta yi fushi ba. Ta ce masa ai shi ne alamar na kirki. Ta ce wannan ƙarfen sitenles ne irin na teku, da gangan aka haɗa shi haka, kuma wanda mayen ƙarfe ke cafkewa shi ne abincin gishiri. Ta sauko da wata kwalba daga kan kanta, cike da ruwan bakin tekun nan, da ƙusa ɗaya a ciki. Ƙusar ta zama kamar busasshen tsinke, ruwan ya yi ja. Ta ɗaga yatsu biyu: bazara biyu.

Ya gane. A rubuta wannan da kyau, don kada a ɗora wa matar nan laifi, kada kuma a ce jahilci ne. Ismaël ya gane sarai. Ruwan Gaya ba gishiri. Ruwan nan gishiri ne zalla. Ya daɗe tsaye da jakar a hannu, dariyar jiya na yi masa yawo a kunne. Daga ƙarshe ya ture jakar ya mayar mata, ya ware notuna huɗu kawai, na maratayin allon baya, ya jefa a aljihu. Ta bi shi da ido har ƙofa.

Ranar Asabar ya kai Baba shagon kayan gini a Jerome Avenue. Ku da kun ga tsohon nan. Mutumin da sai an riƙe shi yake miƙewa, ga shi yana bin akwatunan ƙusa ɗaya bayan ɗaya, yana zura igiyarsa kamar mai fatsa. Ƙas! Ƙas! Ya ɗago da tsintsiyar ƙusoshi manne, ya ce, “Ka ji? Haka ƙarfe ke amsa sallama.” Tun daga ranar, kowace ƙusa da ta shiga jikin marigayi sai da ta bi ta hannun Baba. Ya fara cinye tuwonsa. Ya koma faɗa, ya ce Ismaël na murɗa ƙusa kamar mai tsoron ta ji zafi, ya ce Kudus bai iya dafa shayi ba. Ya kai sallah, ya wuce ta, ya kai wata sallar. Notunan nan huɗu kuwa, Ismaël ya ɗaura su wata Litinin, lokacin da Baba ke wurin wankin ƙoda, ya shafe su da fenti.

Game da halin marigayi, duk wanda ya zauna da shi zai ba da shaida. Ba shi da hayaniya. Bai taɓa shan mai ba, bai taɓa turnuƙe kowa da hayaƙi ba. In iska ta yi ƙasa, ƙyallensa yakan ce lab, lab, lab, kamar mai neman izini. In ta cika shi sai ya yi shiru ya kwanta kaɗan ta gefe, ka ji ruwa a ƙarƙashinsa yana cewa sulululu. Sandar tsakiya tana da wani kuka nata, ƙiiit, ƙiiit, wanda Baba ya ce irin na jirgin da ya fara sassaƙawa ne yana saurayi. Manyan jiragen masu kuɗi sukan wuce su watsa masa ruwa, bai taɓa ramawa ba, sai dai ya yi rawa sau uku ya ci gaba da tafiyarsa. Yana ɗaukar mutum uku ba ƙorafi. Ya taɓa ɗaukar Kudus, wanda shi kaɗai mutum biyu ne, ya ƙanƙame gefe yana salati da Hausa da Tiwi, yaren Kumasi, kuma bai kifar da shi ba, ko da yake ya samu dama.

Ranar da aka fara saka shi ruwa, cikin watan Yuni, an sa wa Baba rigar ruwa mai hana nitsewa, mai ruwan lemo, a kan jallabiya, aka ɗaga shi aka zaunar a baya, aka ɗora masa hannu a kan sandar allon juyawa. Ba ya gani, amma kuncinsa ya san inda iska take. Shi ya tuƙa. Can ya sauke hannu ɗaya cikin ruwa, ya kai baki, ya tofar. “Wa ya zuba ma kogin ga gishiri haka?” Firdaoussi ta yi dariya. Ismaël bai yi ba. Sau goma sha ɗaya Baba ya fita a wannan bazarar, kuma kowace fita sai ya kwana biyu yana ba da labarinta a wurin wanki, har ma'aikatan suka riƙa kiransa Kyaftin.

Ciwon ya fara nunawa kafin sanyi ya shigo. Wani jan layi siriri ya gangaro daga kan wata ƙusa, a kan farin fenti, kamar hawaye. Ismaël ya goge, ya shafa fenti. Bayan mako biyu suka zama bakwai. Da aka fito da shi bazara ta biyu, duk jikinsa ya yi zane-zane. In ka danna katako kusa da ƙusa sai ka ji ya yi laushi. Kukan sandar ma ya sauya, ya daina ƙiiit, ya koma ƙwarr, ƙwarr, irin na mai tari a ƙirji. An yi masa magani iyakar iyawa. An kankare, an cusa gam, an ƙara fenti har sau uku. Ismaël ya so ya sauya ƙusoshin a ɓoye, amma duk wadda ya kama da sukurudireba sai kanta ya marmashe, jikinta ya zauna a ciki.

Sai ya shiga yi wa mahaifinsa ƙarya, shi da bai saba ba. Baba ya shirya tun safe, hula a kai, ya ce yau za a fita? A ce masa iska ta yi yawa. Wani makon a ce ba iska. Wani makon motar Kudus ta lalace. Bazara guda haka. Tsohon ya daina tambaya, ya fara juya kujerarsa kaɗan-kaɗan wajen bango.

Shi ya sa ranar Talatar nan Ismaël ya rufe tebur da wuri ya tafi shi kaɗai. Niyyarsa ya gwada, in marigayi zai iya fita ɗaya tak, a hankali, kusa da gaɓa, to a kawo Baba kafin a shiga sanyi. Bai yi nisa ba iska ta buso daga gabas, ba ma wata mai ƙarfi ba. Ya ji tas! Ƙarfen gefen dama ya tsinko da ƙusoshinsa, waya ta yi bulala a sama, sandar ta faɗo ta karye biyu, ta tsaga gefen jirgin. Ruwa ya fara shigowa, mai sanyi kamar ƙanƙara, har gwiwa. Komai ya saki. Abu ɗaya ne bai saki ba, allon baya. Da shi Ismaël ya riƙe kan jirgin yana kallon gaɓa, iska na tura su, har cikinsa ya gogi laka. A nan ya kwanta ta gefe. Iskar da ta rage a ƙarƙashin benci ta fito, bul, bul, bul. Daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Kudus ya zo da motar jan motoci, aka ɗauko gawar, aka shimfiɗe ta a lungun da aka haife ta. An gaya wa Baba cewa dutse suka buga. Ranar Asabar ya ce a kai shi.

An zaunar da shi a gefen gawar. Ya bi ta da tafin hannu tun daga kai, a hankali, yadda ake yi wa mamaci. Duk inda yatsansa ya sami ƙusa sai ta fashe ta zama gari. Ya ciro mayen ƙarfe ya ja a kan katakon, ya ɗago shi ya yi gashi buzu-buzu da jan gari. Ya shinshina. Ya ci gaba har ya kai baya. A nan yatsunsa suka tsaya a kan notuna huɗu. Ya kankare fentin da farce. Sumul, kamar yau aka ɗaura. Ya kai mayen ƙarfe kansu. Bai kama ba. Ya sake kaiwa. Bai kama ba.

Kudus ya ajiye sifanar da ke hannunsa a hankali, don kada ta yi ƙara.

“Sama'ila.”

“Na'am, Baba.”

“Waɗanga na cikin farantin ne.”

“Su ne, Baba.”

“Ka san haka tun ran da ka maida?”

“Na sani.”

“Ka bar ni ina zaɓe, kana cewa madalla.” Sa'an nan ya ce, “Sau nawa ƙanwarka ta shiga jirgin ga?”

Baba ya naɗe igiyar ya mayar aljihu, ya ce a kai shi gida. Ya shiga ɗaki, ya juya kujerarsa da kansa, sosai, har gwiwarsa na taɓa bango. Lahadi bai ci ba. Litinin aka kai shi wanki aka dawo, bai ce wa kowa uffan ba, ko waɗanda suka kira shi Kyaftin. Talata Firdaoussi ta ɗauke tuwo yadda ta ajiye shi, ta shiga bayi ta kunna famfo don kada a ji ta. Ismaël ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, yana ganin abin da ya yi shekara biyu yana gudu ya zo ya same su, kuma shi ya kawo shi.

To ga abin da ya yi ajalin Ɗan Gaya, tunda dole a rubuta: tsatsa ce, wadda gishiri ya haifa. Mayen ƙarfe bai yi ƙarya ba, abin da aka tambaye shi ya faɗa. Baba bai yi kuskure a kan ruwan da ya sani ba. Wanda ya sani ya yi shiru, shi ne mai wannan sanarwa.

Ranar Laraba, da aka dawo daga wanki, Baba ya yi kira ba tare da ya juyo ba. Ya ce a kawo masa notunan. Ismaël ya zuba masa su a tafin hannu. Ya daɗe yana juya su, ya auna nauyinsu, har ya ɗan ciji ɗaya.

“Duk irinsu haka suke? Ba wanda shike kamawa?”

“Haka matar ta ce, Baba. Na kirkin ba ya kamawa.”

“To mi ya hana ka faɗi? Ai aikin guda na. Da wanda ya manne nike ɗauka, yanzu wanda ya faɗi.” Ya ja tsaki. “Wawa. Kai da Kudus duka. Ina tuwon?”

Ya ci rabi.

Marigayi ya rasu ya bar ƙyallen iska guda ɗaya, mai yaga a kusurwa, wanda Firdaoussi ta ce za ta kai wa tela a titin 116. Ya bar rabin sanda, da rigunan ruwa uku, da tirelar da ke jan sa, wadda har yanzu ba ta san abin da ya faru ba. Ya bar notuna huɗu, suna cikin ƙoshin lafiya a aljihun Baba. Ya kuma bar tsoho ɗaya da ya ƙara wa shekara biyu da rabi.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa bayan sallar azahar, a garejin Kudus. Mai zuwa ta jirgin ƙasa na D ya sauka a titin 167, ya gangara wajen Jerome Avenue, zai ga ƙofa mai shuɗin fenti. An tambayi liman, ya ce ba a yi wa katako salla, amma zai zo ya sha shayi. Za a yanka gawar gida shida da zarto, don motar shara ba ta ɗaukar jirgi sukutum. Ismaël ne zai yanka, ya roƙi kada kowa ya karɓe shi. Bayan an fitar, za a bi ƙasan garejin da mayen ƙarfe a tsince abin da ya zuba, saboda tayoyin mutane. A sa takalmi rufaffe.

Ba a buƙatar abinci, Firdaoussi ta ce ta ɗauki nauyi. Amma duk mai wata ƙusa ko noti na sitenles da ke kwance a akwatinsa, masu gyaran famfo da masu aikin otal musamman, ya taho da shi. Baba zai zauna a bakin ƙofa da faranti, a nan zai karɓi gaisuwa. Kowa ya miƙa masa abin da ya kawo. Wanda ya faɗi cikin faranti an gode. Wanda ya manne, mai shi ya koma gida da abinsa, kuma kada ya ji haushi in an yi masa faɗa.

Likita ya ja Firdaoussi gefe ranar Laraba, ya ce mata kada a yi dogon shiri da Baba. Haɗa sabon jirgi yana cin wata goma sha huɗu. An riga an sayo katako, yana jingine a lungun da za a ɗauke gawar.

Allah ya ba mu haƙuri, ya kai mu bazara.